Kyaftin da Tekun da Ya Gina a Falo

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban, Allah ya karɓi ran mijin yayata, wanda duk layinmu, yara da manya, ke kira Kyaftin. Ya rasu a asibiti bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Ga wanda bai san shi ba, marigayin bai taɓa tuƙa jirgin ruwa ba. Bai ma iya iyo ba. Ko gada za a haye a mota, rufe ido yake yi sai an ce masa an wuce.

Kyaftin, ni ne ƙanin matarka, telan da shagonsa ke ƙarƙashin falonka. Cikin masu kukanka babu wanda ya fi ni cancantar ba da labarin wannan suna, domin a shagona aka raɗa maka shi.

Duk ƙuruciyarka a ɗakin ajiyar kaya na wani kamfani ta ƙare, ɗakin da ba taga, sai kwalaye. Da ka ajiye aiki mun zaci kujera mai laushi da rediyo za ka nema kamar sauran dattawa. Sai wata rana ka je aski, ka tarar ana nuna ƙarƙashin teku a talabijin: murjani mai rai, ja da shuɗi kamar lambu, kifaye masu launi suna kai da komo a cikinsa. Mai aski ya gama, ya kaɗe maka wuya, ka ƙi tashi. Da ka koma gida ka ce wa Yaya, “Na gaji da kallon bango. Abin da ya rage mini, wancan zan kalla.” Ta ce to, madalla. A zatonta talabijin za ka canja.

Sai ga mota ta sauke filawud, falankin nan da ake yin kabad da shi, aka yi ta hawa da shi bene. Akwatin kifi za ka gina, mai tsawon bangon falo, katako ta ko'ina, gilashi ta gaba kawai, kuma ruwan gishiri za ka zuba. Kafintan da ya yanka maka katakon ya ce, “Baba, katako fa ruwa yake sha.” Ka ce masa, “Jirgin ruwa da me ake yi? Juya shi kawai zan yi, ruwan ya koma ciki.” Kafinta ya ɗauki zartonsa.

Ranar gwaji ka jawo tiyo daga banɗaki. Ni kuwa ina ƙasa ina auna wani babban ɗan kasuwa, ya ware hannuwa, tef na zagaye da cikinsa. Ɗigo ya sauka a hularsa. Muka ɗaga kai tare, silin ya sauko mana gaba ɗaya. Ba a jima ba ka shigo ba takalmi, wando a naɗe. Ba ka dubi baƙona ba, ba ka dubi yadudduka ba, sama ka duba, ka ce, “Alhamdu lillahi, ta kusurwar hagu ne ya yi yoyo.” Mutumin nan, hannuwansa har lokacin a ware, ruwa na tsiyaya daga gemunsa, ya ce, “Sannu, Kyaftin. Jirgin ya nutse ke nan?” Kafin la'asar sunan ya zagaye layi.

Amma in zan faɗi wannan, dole in faɗi abin da ya biyo baya. Kai ka wanke kayan mutane da hannunka, ka shanya, ka goge, ka bi masu su gida-gida kana ba da haƙuri, kana cewa laifinka ne, kada a ga na tela. Silin ma kai ka gyara. A karkace yake har yau, kuma ba zan bari a taɓa shi ba.

Yaya dai ba ta ga abin dariya ba. Ta tattara tukwanenta ta sauko ɗakin da ke bayan shagona, ta ce ko ita ko akwati. Auren da ya haifi 'ya'ya har da jikoki, ga shi yana tangal-tangal a kan filawud. Na san abin ya dame ka, domin ka rame, kuma na ga irin girkin da kake yi wa kanka. Kowace safiya sai ka sauko ka tsaya a bakin labule, ka gaishe ta, ka ba ta rahoton aiki: an ƙara ƙarfe a gefe, an shafa fentin da ba ya shan ruwa, an sake shafawa. Ba ta taɓa amsa maka ba. Kana hawa bene sai ta ce mini, “Kai, me ya ce game da kusurwar hagun?”

Gini na biyu ya riƙe ruwa. Ka samo gishirin teku buhu-buhu, ka dama. Kafin na'urar awo ta iso, da harshe kake aunawa, kai da likita ya hana gishiri saboda hawan jini. Likitan ya yi ta mamaki, yana rantsar da kai ko kana satar miya. Sannan ka jera duwatsu a ciki, ka ce sai ruwa ya nuna kafin a saka kifi. Makonni muka yi kana gayyatar mu kallon duwatsu. Ruwan ya koma kore kamar tafki, ka ce alama ce mai kyau. Muka ce Allah ya ƙara.

Ashe gaskiyarka ce. Ruwan ya washe, murjanin da ka dasa ya kama, ya buɗe kamar fure, kifaye suka zo a ledoji. Kowane ka ba shi sunan wani a dangi. Wanda ke ɓuya a bayan dutse, ba ya fitowa sai an zuba abinci, shi ka ba sunana. Na yafe maka, ko da yake har jikokinka sun ce muna kama.

Sai ranar da wuta ta lalace a unguwa, cikin tsananin zafi. Injin da ke motsa ruwan ya tsaya, kifaye suka taso sama suna haki. Ka sauko da gudu, ka shige ɗakin Yaya ba sallama, ka fizgi muciyarta, ka haye. Ta bi ka don ta karɓi kayanta. Ni ma na bi, don kada a yi abin kunya. Muka tarar da kai a kan kujera, tsoho, gumi sharkaf, kana juya ruwa kana cewa, “Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri.” Yaya ta tsaya. Ranar ta fara ganin abin da ka gina. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Sauko, malam. Ba haka ake tuƙi ba.” Ita ta tuƙa tekun nan, ni na karɓe ta, maƙwabta suka karɓe ni, har wuta ta dawo da yamma. Ko kifi ɗaya bai mutu ba. Ba wanda ya yi zancen komawar Yaya bene. Washegari dai ni aka sa na hau da tukwane.

Daga nan ƙofarka ba ta ƙara rufuwa ba. Mai gidan da muke haya ya zo da niyyar ba ka wa'adin tashi, ka ba shi kujera a gaban gilashi, ya tafi yana tambayar me shuɗin kifin nan yake ci. Maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, wadda ta daina magana da kowa, takan zo ta zauna shiru, ka hana kowa damunta. Ranar da wani kifi ya tofa wa ɗan'uwansa yashi ta yi dariya, ka shiga kicin kana share ido, ka ce albasa ce. Ba a yanka albasa a gidan ba ranar.

A asibiti na sunkuya kusa da kai, ina jiran wasiyya. Ka kama hannuna ka ce, “Ka kula da yayarka.” Ka numfasa. “Kifayen kuwa kada ka taɓa su. Ita ta iya.”

A zaman makoki falonka ya cika. Mutum zai shigo da alhini, ya yi gaisuwa, a hankali ka ga wuyansa yana juyawa wajen gilashi. Bayan an watse babban ɗanka ya ce nauyin ya yi wa mahaifiyarsa yawa, a kai akwatin wani wuri. Ya ari tef ɗina, ya auna akwati, ya auna ƙofa, ya auna taga, ya sake aunawa. Ba ta inda zai fita. Ya ce, “Mama, Baba bai lura ba.” Yaya tana yayyafa wa kifi abinci, ba ta juyo ba, ta ce, “Ya lura.”

Allah ya jiƙanka, Kyaftin. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya saka maka da alheri a kan kowane rai da ka tausaya wa, na mutum da na dabba. Allah ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, da 'ya'yansa da jikokinsa, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa zama a falon nan ya tashi da sauƙin zuciya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.