Gwaggo Mai Gyaran Idon Kyamara

Ƙarfe bakwai da rabi Gwaggo take ɗaga ƙofar shagonta, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin tela da mai sayar da cajar waya. Kafin ta taɓa komai sai ta share ƙasa, ta bi teburi da tsumma mai danshi, ta jira ƙura ta kwanta. Sannan ta wanke hannu, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera 'yan kayan aikinta waɗanda bakin wasu bai fi tsinken sakace ba. Fanka ba ta juyawa a shagon nan komai zafi. In ka yi ƙorafi sai ta ce, "Yi haƙuri ɗana. Gumi dai gogewa za ka yi, ƙura kuwa in ta shiga sai na sake kwancewa."

Shekara talatin da huɗu ke nan tana gyaran idon kyamara. A gaban mahaifinta mai gyaran agogo ta koyi riƙe ƙananan abubuwa, duk masu hoton da ke zuwa wurinta kuma Gwaggo suke ce mata, har waɗanda suka girme ta. A ƙarshen watan nan za ta rufe, don hannunta na dama ya fara rawa.

Abin da aka fi saninta da shi shi ne idon nan mai jikin roba da ake haɗowa da kyamara a kwali ɗaya. Manyan masu hoto "na kyauta" suke ce masa, sauran masu gyara kuwa ko buɗe shi ba sa yi, sai su ce a jefar. Ita kam ba ta raina shi. "Da shi yawancinku kuka fara cin abinci," in ji ta, "yanzu kuma ya zama abin dariya?"

Ba kullum laifin ke zama na kyamara ba. Wani babban mai hoton biki ya taɓa shigo mata yana faɗa, wai komai dishi-dishi yake gani. Ta leƙa, ta murɗa ɗan abin da ke gefen wurin sa ido, ta miƙa masa. "Yallaɓai, idonta lafiya lau. Naka ne ya fara tsufa." Tela ya ce har matakala aka jiyo dariyar mutane. Yau da tabarau mutumin yake aiki.

Amma labarin da telan ya fi son bayarwa na wata malamar asibiti ne, wadda ta taho tafiyar awa uku da kyamara a naɗe cikin tawul. A ƙaramin asibitinsu akwai wani dattijo manomi mai ciwon sukari, gyambo ya kama masa ƙafa. Duk bayan kwana uku tana ɗaukar hoton ciwon ta aika wa likita a babban asibiti. To, mako biyu ke nan gefen hagu na kowane hoto yana fitowa a dame. Likita ya ce ba ya iya rabewa tsakanin inuwa da naman da ya fara mutuwa. Dattijo kuma ya rantse ba zai shiga mota ba, don ya ji an ce duk wanda ya je sai an yanke masa ƙafa.

"Ba ki gwada da waya ba?" Gwaggo ta tambaye ta.

"Na gwada, Gwaggo. Wayata kwalliya take yi wa fata, har ciwon sai ta gyara masa launi."

Gwaggo ta manna shafin jarida a bango, ta kafa kyamarar, ta ɗauka. Rubutun dama tar, na hagu kamar an zuba masa ruwa. Ta juya kyamarar kai ƙasa ta sake ɗauka, sai damewar ta koma ɗaya gefen jaridar.

"Kin gani? Inda ta juya, nan ciwon yake binta. Ba hannunki ba ne, ba haske ba ne. A ciki yake."

Ta cire idon, ta haska tocila ta cikinsa. Babu fumfuna, babu ƙarzuwa. Ta kai shi kusa da kunne ta ɗan girgiza, ta saurara, ta sake girgizawa.

"'Yata, yaushe ta faɗi?"

Malamar ta sunkuyar da kai. Daga bakin gadon mara lafiya ta zame mata, ba ta kuwa gaya wa kowa ba. "Ai na ga ba ta fashe ba."

"A waje ne ba ta fashe ba. Zauna."

Ta fara kwancewa, kowane zobe da kowane gilashi tana ajiye shi a jere bisa ƙyallen, tana yi masa alama da fensir. Can ciki ta iske shi: gilashi ɗaya, bai fi maɓallin riga girma ba, ya ɗan kishingiɗa, don ɗaya daga cikin haƙoran roba uku da ke riƙe shi ya karye. Ta yanko wani siririn ƙarfe da bai kai kaurin farce ba don ta tokare shi. A nan hannun ya fara rawa. Ta tsaya, ta ninka tsumma ta ɗora wuyan hannunta a kai, ta riƙe numfashi, ta zura.

Sau uku tana haɗawa tana gwadawa. A na uku malamar ta miƙe tsaye. "Ai ya yi, Gwaggo, wallahi ya yi!"

"Dubi kusurwar ƙasa. A nan yatsun mutumin za su faɗo, ko ba haka ba?"

Ta sake kwancewa. Awa huɗu aikin ya ci, ko ruwa ba ta kurɓa ba.

Malamar ta koma asibitinsu ta ɗauki ƙafar, da la'asar hoto ya isa ga likita. A gindin ƙaramin yatsa, daidai inda da yake damewa, ga wani baƙin layi siriri kamar zare. Malamar ta buɗe hoton ta nuna wa dattijon da kansa, ta ce likita ya ce in aka je yau yatsa ne, in aka kai mako ƙafa ce. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kira masa ɗansa ya kawo mota.

Bayan wata biyar sai ga su a bakin shago, shi da malamar, yana takawa da ƙafafunsa biyu.

"Ke ce likitar?"

"A'a Baba, ni mai gyara ce kawai."

"To ni dai an ce ke ce." Ya zare takalmi ya nuna mata yatsu huɗu. "Bana ma na yi noma."

Kyamarori dubbai sun bi ta hannun Gwaggo sun fita, amma ba ta taɓa ganin abin da ɗayansu ta je ta yi ba sai da mutumin nan ya tsaya a gabanta.

Gwaggo, ke ce mai ido bayan ido. Ke ce wadda sunanki ba ya jikin hoto ko ɗaya, alhali hotunan yaye ɗalibai da na jarirai da na iyayen da suka riga mu gidan gaskiya suna rataye a ɗakunan mutane tar, saboda kin ƙi cewa "a haka ma ya isa". Mun gode. Allah ya huta gajiya, ya ba hannun nan lafiya.

Ku kuma masu sana'a, kowace iri ce, ga abin koyi a kusa da ku, tana raye, tana amsa sallama. 'Yarta ta riga ta share mata ɗaki ɗaya a gida, an sa teburi kusa da taga. Gwaggo ta ce duk mai son koyo, mace ko namiji, ya zo da safe. Kayan aiki akwai. Haƙuri kawai za ka zo da shi, don shi ne ba ta da na ba wani aro.