'Yardada Ta Dawo Ba Haƙorin Makka

Duk wanda ya tashi a Zaitawa ya san dariyar 'Yardada mai kitso tun kafin ya san fuskarta. Wangale baki take yi, kuma da gangan, don Allah ya ba ta haƙora farare tas, jere reras, ta haura sittin ko ɗaya bai taɓa girgiza ba. Ba ta da sarƙa ba ta da awarwaro. Haƙoran nan su ne kadararta, tana kuwa ji da su.

Ba a banza suka kai haka ba. Da safe kindirmo take sha ba sukari. Tana kitso ga ƙwarya a gefe, gauta ne, karas ne, goba ce, tana gartsa tana zuba surutu. Busasshen kifi har ƙayarsa take taunewa, zogale kuwa ba a yi mata tayi sau biyu. In an ba ta goro a biki, sai ta ƙulle a gefen zani ta kai wa wani. Yaron da ya shigo mata gida da alawa, da aswaki take bin sa har zaure.

Shekarar da soja za su miƙa mulki ga farar hula, gari ya cika da tutoci da waƙoƙin jam'iyyu, sai ɗanta Hashim, marini a Ƙofar Mata, ya shigo ya durƙusa ya ce, "Inna, na biya miki kujerar Makka."

'Yardada ta saki kan da take kitsawa, ta rangaɗa guɗa, ta zagaye tsakar gida da rawa, wadda ake yi wa kitson na zaune da rabin kai a tsefe. Daga ranar, in ba kowa, sai ta kira kanta "Hajiya!" ta kuma amsa "Na'am!" Sunan nan ta fi shekara talatin tana kwaɗayinsa.

Asibi, maƙwabciyarta kuma aminiyarta tun suna 'yan mata, ita ma ta samu kujera. Tun a jirgi Asibi ba ta da zance sai haƙorin Makka, don a lokacin mace ta dawo ba gwal a baki, wa zai ce ta je? Da aka gama aikin Hajji suka nufi shagon mai sa haƙori. Asibi ta fara zama. 'Yardada na tsaye tana zumuɗi, sai ta ji ƙarar goge haƙori, ta ga farin gari a leɓen Asibi.

"Wai sai an kankare mai lafiya kafin a sa masa hular?" ta tambaya.

Aka ce mata haka ake yi. Ta toshe baki da mayafi ta fice a guje, takalmi ɗaya a hannu.

Da suka dawo, mata suka yi ta tururuwar barka da sauka. Kowacce bakinta na gaisuwa, idonta na cikin bakin 'Yardada. Ita kuwa ta wangale musu, fari fat. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa: anya ta je kuwa, ko a Jidda ta tsaya? Asibi, wadda yanzu da gefe ɗaya take murmushi don gwal ya haska, ta zama Hajiya nan take. Ita ce babbar shaidar cewa 'Yardada ta je, amma tana jin haushin gudun nan da aka yi aka bar ta, sai ta ci gaba da cewa "'Yardada" gatsal, kowa ya bi bayanta.

Abin ya yi wa 'Yardada ciwo ƙwarai, har ta yi kuka. Hashim ya ce, "Inna, ai a nan ma ana sawa, mu je." Ta ɗauko madubi ta duba haƙoranta ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda za ta bayar. Ta rasa. Ta ajiye madubin ta jawo ƙwaryar gautarta.

Ana nan sai aka yi suna a maƙwabta, aka fito da soyayyen naman rago. Asibi ta kai tsoka baki ta dawo da ita. Ta kurɓi ruwan randa, sanyin ya ratsa haƙorin gwal, ta dafe kunci, har da hawaye. Can gefe 'Yardada na taunar guringuntsi ƙurus-ƙurus, ta cinye nata, ta jawo na Asibi.

Asibi ta matso, a gaban mata cike da tsakar gida, ta ce, "Hajiya, don girman Allah me kike ci ne haƙoranki suke haka?"

'Yardada ta daina tauna. "Me kika ce?"

"Na ce me kike ci?"

"A'a, na farkon."

Asibi ta harare ta, hannu a kunci. "Hajiya."

"Na'am!" in ji 'Yardada, da ƙarfin da har maza a zaure suka ji. "Gobe da safe ki zo, da kindirmo za mu fara. Gauta ya fi ƙarfinki tukuna."