Gwaggo Dije, wadda ba ta jira dawowar Baba ba

Ina cikin aji ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Malbaza, sai wani ɗan Tajaye, garinmu, ya tsaya bakin ƙofa, ya ce Gwaggo Dije, yayar mahaifina, ta rasu. Na yi salati, na sallami yara. Baƙin ciki ya kama ni, amma alfahari da ita ya fi shi ƙarfi.

Gwaggo mace ce mai faɗa, ba ta iya rarrashi ba. In ka gaishe ta a tsaitsaye, sai ta tambaye ka ko kora aka yi maka.

Wata shekara da aka yi fari, muna yara, Baba ya tafi cin rani Najeriya, Inna ta kamu da ciwon kai mai sa ta amai da safe. Wanzami ya yi mata ƙaho, aka yi turare, aka ce iskoki ne. Ganinta ya ragu, ta fara manta sunayenmu, mata suka fara raɗa cewa ta taɓu. Kawunnaina suka ce matar aure ba ta barin gari sai da bakin mijinta, ga rumbu babu hatsi, a jira damina ta maido shi. Aka yi ta jira.

Gwaggo ta shiga zaure, inda mata ba sa zama, ta ce, "Ciwo bai san miji ya tahi cin rani ba. In ya komo, shi yi hushi da ni."

Ta sayar da akuyoyinta, ta ɗora Inna a jaki zuwa bakin hanya, mota ta kai su Konni, daga can aka tura su Yamai. Likita ya haska idon Inna, ya ce ƙari ne ke girma cikin ƙwaƙwalwa, aikinsa sai ƙasar waje, kuma an makara.

Inna ta rasu a gida, kanta bisa cinyar Gwaggo. Ranar zaman makoki Gwaggo ta miƙe gaban mata ta ce, "Ciwo ne ya kashe ta. Kar in ji wani ya ce ma ɗiyanta ɗiyan mahaukaciya." Ba mu taɓa ji ba kuwa. Da Baba ya dawo, bai yi fushi ba. Durƙusawa ya yi gabanta yana kuka.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata kabarinta, Ya ba 'ya'yanta haƙuri. Yadda ta tsaya wa uwarmu ranar da maza suka zauna, Allah Ya tsaya mata ranar hisabi.