Sharaɗin da Na Yi Ta Tsallakewa a Addu'ata

'Yan'uwa, na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Wasu sun ce na bar Gombe, wasu sun ce na bar coci. Ina nan unguwar Barunde. Sankarar mama ce ta kwantar da ni.

Wata rana ina wanka na ji wani ɗan ƙullutu a mamana na hagu, kamar ƙwayar gyaɗa. Ba ya ciwo. Na ɗora hannu na yi addu'a, na tafi makarantar da nake koyarwa.

Da ya girma, maigidana Yohanna ya matsa muka je asibiti. Aka yi hoto, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito, likitar ta jawo kujera kusa da ni ta ce, "Malama Rifkatu, kansa ce. Sai mun cire maman, kuma da wuri."

Na ce mata Allahna ya yi alkawarin warkarwa. Ta ce, "Ban hana ki addu'a ba. Amma abin nan ba ya jira."

Na koma gida na shiga azumi. Tun ina yarinya na haddace alkawuran da ke cikin Maganar Allah, sai na riƙa jera masa su ɗaya bayan ɗaya. Watanni suka wuce. Wurin ya fashe, ya fara wari. 'Ya'yana suka daina zama kusa da ni, suna jin kunyar in gane dalili.

Wata 'yar'uwa daga zumuntar mata ta zo gaishe ni. Da za ta tafi ta ce, "Maman Dauda, kowane alkawari da sharaɗinsa. Ki binciki kanki, wanne ne ba ki cika ba?"

Maganar nan ta fi ciwon ci na. Na bi sharuɗɗan da na sani: bangaskiya ba tare da shakka ba, gafarta wa mutane, zama cikin Yesu. Kullum sai in ga na gaza, domin tsoro bai taɓa barina ba. Na fara gaskata cewa ni nake kashe kaina da ƙarancin bangaskiya.

Zazzaɓi da zubar jini suka mai da ni asibiti, aka ba ni gado. A gefena akwai wata dattijuwa, Mama Saratu, ciwonmu iri ɗaya, nata ya riga ya shiga ƙashi. Ban taɓa ganin mai addu'a irinta ba. Nas-nas ma sai ta yi musu addu'a kafin su soka mata allura. Ba ta riƙe kowa a zuciya ba.

Wata safiya, ana rabon magani, ta cika. Nas-nas suka ja labule, suka naɗe ta da zanenta, aka tura ta waje. Kafin rana ta yi tsaka an kwantar da wata a gadon.

Na daina addu'a. In har ita ba ta cika sharaɗi ba, ni wace ce?

Babana tsohon mai bishara ne, ya taso daga ƙauyenmu da sandarsa. Na faɗa masa komai ina kuka. Ya ce, "'Yata, kin karanta alkawuran har ƙarshe kuwa? Akwai inda aka ce a roƙa bisa ga nufin Allah. Wannan kike tsallakewa."

Na ce, "Baba, in nufinsa in mutu ne fa?"

Ya ce, "Shi ya sa yake da wuya. Ubangijinki ma ya roƙa a ɗauke masa wahala, ya kuma miƙa kansa. Sharuɗɗan nan ba kuɗin sayen lafiya ba ne. Kuma ba a taɓa sa ƙin magani a cikinsu ba."

Na tambaye shi Mama Saratu fa. Ya ce, "Ban sani ba. Amma ba ta gaza ba."

Ranar na yi addu'a mafi gajarta a rayuwata. Na ce ina so in rayu, in ga 'ya'yana sun girma, amma nufinsa za a yi. Ban ji wani sanyi a zuciya ba. Duk da haka na sa hannu a takardar tiyata.

Suka cire maman. Daga nan aka shiga ƙarin ruwan kemo, maganin kashe kansar: amai, gyambon baki, gashi ya zube, farce ya yi baƙi. Yohanna ya sayar da kekensa na haya, ya koma tuƙa na wani a Bolari. Likitar ta faɗa mini gaskiya, da na zo tun farko da ba mu sha wannan wahalar ba.

Yanzu na gama magani. Gwajin baya ya nuna babu komai, na koma aji. Hannuna na hagu yana kumbura, kuma har yau da kyar nake kallon madubi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Yohanna da Baba, da likitoci da nas-nas, da maƙwabciyata Ya Falmata da ta riƙa ciyar da yarana ba ta taɓa tambaya ba.

Mata, in kun ji ƙullutu ku je asibiti a makon, ku yi addu'arku a hanya. In kun je gaida marar lafiya, kada ku tambaye shi abin da ya kasa cikawa. Ku kai masa kunu, ku zauna.

Ba a ce mini ba zai dawo ba. Mako mai zuwa ina da wani gwajin, kuma ina jin tsoro. Zan je.