Kunnen Kawu da Tukunyar Tururi

Na dawo daga karatu a ƙasar waje da wani ra'ayi da ya zauna mini daram. A can na shiga masana'antu masu faɗin filin ƙwallo, injuna na ta aiki, ƙananan na'urori manne a jikinsu suna aika labarin zafi da motsi ta intanet zuwa wani allo, mutum ɗaya ko biyu na zaune suna kallo. Saboda haka da mahaifiyata ta ce kamfanin sabulun da ƙanenta yake aiki zai fara manna irin waɗannan na'urori, abin da ya zo raina shi ne Kawu ya kusa zaman gida.

Kawu ne mai kula da tukunyar tururin da ke narka man sabulu, tun kafin a haife ni. Abokan aikinsa Sarkin Tururi suke ce masa. Ɗakin tukunyar dogo ne marar faɗi, bututai sun ratsa samansa, akwai benci guda da ya haɗa da katakon kwalaye, sai ƙugin da ba ya tsayawa. Idan ruwa ya yi ƙasa ko tururi ya yi yawa, wata jiniya ce ke kuka, shi kuma ya ruga ya murɗa abin da ya kamata.

Ran da na je gaishe shi, tun daga ƙofar gida nake jin rediyonsa. Na yi sallama har na gaji.

"Ɗaga murya, Bature," in ji matarsa, wadda muke kira Anti. "Kawunka sai an yi masa irin kiran mai sayar da ruwa."

"Sharri take min," Kawu ya ce, yana kallon bakina. "Abin da nake so nake ji. Maganarta ce dai ba na so."

Muka yi dariya. Amma da Anti ta rako ni, sai fuskarta ta canja. Ta ce ƙugin ɗakin nan ya cinye masa kunne, kuma a kamfani ba wanda ya sani sai amininsa Dogo, makanikin wurin. Wata rana jiniya ta yi ta kuka, Kawu ya ba ta baya yana goge bututu, sai da Dogo ya sheƙo daga wani sashe ya dafa kafaɗarsa. Tun daga ranar Dogo yake ƙirƙiro gyare-gyaren ƙarya a kusa da ɗakin, don ya zame masa kunne.

"In suka gane, sallamarsa za su yi," ta ce. "Ga yara a makaranta. Shi kuma in ka raba shi da tukunyar nan, ban san me zai zama ba."

Na yi mata sallama na tafi, domin abin da na sani ba mai daɗin ji ba ne.

Sauran labarin daga bakin Dogo na ji shi. Wata injiniya ce, matashiya, ta zo da na'urorin. Ta manna su a jikin tukunyar da bututan, ta haɗa su da allon ofis. Da za ta gwada aikinta, ta kunna jiniya da rana tsaka ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Duk wanda ke wurin ya zabura, har Dogo ya yar da sifanarsa. Kawu kuwa yana kan bencinsa yana ɗaure igiyar takalmi.

"Ta dube shi, ta dube ni," in ji Dogo. "Ni dai na fara lissafin inda zan kai ƙafafuna."

Washegari Kawu bai jira a kira shi ba. Ya sa wankakken kayan aiki, ya je ya same ta ya faɗa mata komai, har da gyare-gyaren Dogo. Ba ta lallashe shi ba. Ta ce, "Baba, da ranka ka yi wasa, da na mutanen da ke bayan bangon nan." Ta hana shi zama ɗakin shi kaɗai, ta sa kamfani ya tura shi asibitin kunne. Kawu ya dawo gida ya ce wa Anti ta fara sabawa da ganinsa da rana.

Bayan 'yan makonni injiniyar ta kira shi, ta ɗaura masa wani abu kamar agogo a hannu. Na'urorin da ke jikin tukunyar ne ke yi masa magana kai tsaye. Ruwa na fara yin ƙasa, tun jiniya ba ta buɗe baki ba, agogon zai girgiza masa tsintsiyar hannu, ya nuna masa wurin da matsalar take. Ta kuma sa jar fitila mai walƙiya a kowace kusurwar ɗakin, ta raba wa kowa abin toshe kunne.

Na je na gan shi a bakin aiki. Muna tsaye sai ya dubi hannunsa, ya taka a natse ya murɗa wani famfo, ya dawo.

"Ka gani? Zungurina yake yi kamar Antinka," ya faɗa da ƙarfi. "Sai dai shi ba ya ƙara da gori."

Dogo ya leƙo ta ƙofa. "Sarki, yanzu da ka samu sabon aboki ai ka manta da mu!"

"Tafi ka yi gyaran gaskiya, malalaci!" in ji Kawu, yana kallon bakinsa.

Har yau ban ce na'urorin nan ba su taɓa raba wani da aikinsa ba; na ga inda suka yi hakan da idona. Amma a wannan ɗaki, mutumin da na zata za su kora shi suka riƙe.

Da aka tashi muka fito bakin titi, inda ƙugin ya ragu. Na matsa kusa da kunnensa mai ɗan sauran ji na ce, "Kawu, da ba su kawo na'urorin nan ba, har yaushe za ka ci gaba da ɓoyewa?"



"Wallahi ban sani ba, ɗana," ya ce. "Wataƙila har ranar da wani zai ƙone. Godiyata ke nan kullum, da ba a bar ni na kai ranar ba."