Anti Sannu ta Ɗakin Ɗibar Jini

Bakwai saura kwata take buɗe ƙofa. Kafin ta ajiye jaka sai ta leƙa firij ta duba sanyinsa, ta jera kwalaben gwaji, masu jan murfi daban, masu ruwan toka daban, ta goge hannun kujerar da muke ɗora damtse. Ta san duk wadda ke zaune a benci ba ta karya ba, don haka ba ta bari rana ta yi mana. Haka ta yi shekara talatin da ɗaya, a wani ɗan ɗaki a ƙarshen barandar asibitin mata. Tun allura ba ta taɓa ki ba take cewa sannu, har sunanta na gaskiya ya ɓace, kowa sai Anti Sannu.

Shekara shida ke nan da na fara zama a kujerar nan. Lokacin aurena ya kai shekara huɗu ba ko ɓatan wata. Al'adata sai ta yi wata biyar ba ta leƙo ba, jiki na ta hawa, ga gashi ya tsiro mini a haɓa. Likita ya ce ƙwayayen haihuwata ne ke taruwa ƙanana-ƙanana ba sa nuna balle su fito, ya rubuta gwaje-gwaje cike da takarda. Na shiga wurinta na ja mayafi har leɓe.

Ta laluba hannuna ta ce, "Ƙanwata, har jijiyarki kunya gare ta. Saki jikinki."

Na ce, "Anti, me za a gani a jinin?"

"Sinadaran da ke tsara al'ada, wanne ya yi yawa, wanne ya gaza. Sai kuma wani abu. Kin san yadda ƙarfe ke tsatsa idan ya sha iska? Jiki ma yana irin wannan, yana kuma da masu goge masa. Za mu duba ko tsatsar ta fi ƙarfin masu gogewar."

"Laifina ne?"

Ta sauke takunkumin fuskarta, ta ɗaga haɓarta ta nuna mini. Duk sawun tsiga ne, irin nawa.

"Shekara arba'in muna tare da gashin nan. Ni ban haihu ba. Amma da yawa da suka zauna nan sun dawo mini da goyo, kuma ban san wacece ke a cikinmu ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba kuma zan yanke miki ƙauna ba."

A ranar na sauke mayafina a gaban wani mutum, karo na farko cikin shekara biyu.

Ba ni kaɗai ce shaida ba. Wata tela da muke haɗuwa a benci ta ba ni labarin yadda Anti ta ga sukarinta ya haura, ta ƙi miƙa mata takarda ta tafi, ta riƙo hannunta har gaban likita. Mai shara ta ce ta sha ganin ta tsaya a bakin ƙofa tana yi wa mijin wata bayani a tsanake, har mai huci ya sauko ya karɓi jakar matarsa.

Da likitoci suka tashi yin bincike a kan masu irin lalurarmu, ana son jininmu a kwana na biyu ko na uku na al'ada. To, mu da al'adarmu ba ta da alkawari! Sai Anti ta raba mana lambarta, ta ce, "Duk ranar da ta ga dama ta zo, ku kira ni." Ranar hutunta ma fitowa take. Mace ɗari da ashirin ta bi ɗaya bayan ɗaya. Da aka buga sakamakon, babu sunanta ko a ƙasan shafi. Na ji haushi na yi mata magana, ta ce, "Bar wannan. Karanto mini abin da suka gano, matana za su tambaye ni."

Anti, ke ce mai hannu marar nauyi. Ke ce kika riƙa tuna mini da tafiyar safe da rage zaƙi ba tare da kin sa na tsani jikina ba. Yau wata uku da kika ajiye aiki. Wadda ta gaje ki ta iya aikinta, sau ɗaya take samun jijiya, ba ni da abin cewa. Amma makon jiya da na karɓi sakamakona, lambobin sun yi kyau fiye da kowane lokaci, na juya da sauri zan nuna miki, sai na tsinci kaina tsaye a baranda da takarda a hannu.

Na gode, Anti. Allah Ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi. Ku kuma da ke sanye da fararen riguna, ku daure ku dubi fuskar mace kafin ku dubi damtsenta, ku gaya mata abin da ake nema a jininta da harshen da za ta gane.

Har yau ban samu ba, Anti, ina nan ina jira. Idan Allah Ya kawo, ke za ki fara ji, ko mahaifiyata sai bayanki. Idan kuma bai kawo ba, na ga yadda kika rayu, ba na jin tsoro kamar da.