Famfon da Kawu Yake Rufewa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ba ya son a ambaci fari da wasa. A da yana da shanu, garke guda, kafin shekarun da sama ta ƙi zubar da ruwa. Ya yi ta tonon busasshen rafi da hannu, yashi kawai yake tararwa, shanun suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya ba sa tashi. Ta ƙarshe a kan cinyarsa ta mutu, harshe a waje. Ya ɗauko matarsa da tabarmarsu ya shigo gari.

Ni na samo masa aiki a wurin wankin mota da ke kallon shagon ɗinkina. Shara, goge taya, ɗan gadi. Albashin ba abin a-zo-a-gani ba ne, amma akwai ɗaki a bayan tankin ruwa, nan yake zaune da matar tasa mai ciwon ƙafa.

To, wurin nan yana da wata tsiya. Kowace safiya sai a buɗe famfo, a yar da tiyo a ƙasa, ruwa ya yi ta malala har bakin titi, ko da mota ko babu. Wai talla ce. Direba ya hango ƙasa a jiƙe, ya san akwai ruwa, ya shigo. Ruwa fa mai kyau, wanda za ka sha ka yi hamdala! Idon Kawu ba ya iya ganin wannan. Da ya gifta sai ya murɗe famfon. Masu wanki su buɗe, ya rufe, har suka laƙaba masa suna Rufe-Rufe.

Ƙasa ta bushe, direbobi suka riƙa wucewa wurin wankin da ke gaba. Ran nan mai wurin ya zo, da tumbinsa da gorar ruwan sanyi a hannu, ya tsaya yana kumfar baki.

"Tsoho, ka jawo mana fari! Tun safe ba mota ko ɗaya. Wallahi fari muke ciki!"

Abin da ke ƙona min rai ke nan da mutanen gari. Ciniki ya yi sanyi, fari. 'Yan ƙwallonsu sun daɗe ba su ci wasa ba, fari. Mutumin da bai taɓa yini da ƙishi ba sai don ganin dama, shi ne kalmar ta fi sauƙi a bakinsa.

Kawu ya jingine tsintsiya. "Maigida, wannan rashin ciniki ne. Ga tankinka nan cike. Shi fari, ka roƙi Allah kada ya nuna maka shi."

"Ba don wa'azi na ɗauke ka ba. Gobe da safe kai za ka buɗe famfon nan da hannunka, ka bar shi yana zuba. In ba za ka iya ba, ka kwashe matarka ku bar min ɗaki."

Ina jin su daga shago. Don takaici har allura na karya. Na tsallaka titi bakina cike da maganar da ba ta faɗuwa a gaban manya, sai Kawu ya riƙe min hannu.

"Ɗana, koma bakin ɗinkinka. Ina zan kai ta da wannan ƙafar?"

Washegari na buɗe shago da wuri, na kasa ko zura zare. Kawu ya fito ya daɗe a tsaye gaban famfon. Sannan ya yi bisimilla ya murɗa. Ruwa ya fito da ƙarfi, ya bi siminti, ya gangara kwata. Bai juya baya ba, kallonsa yake ta yi. Can sai na ji ya ɗaga murya ya yi irin kiran da yake wa shanunsa in ya samo musu mashaya. Masu wanki suka fashe da dariya.

Wata mota ta karyo kwana ta shigo, direban ya danna masa hon ya ba shi hanya.